Sunan Edward: Asalinsa, Ma'anarsa da Dalilin Wanzuwarsa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba abin da ke raya sunan yanka, ko ma'anarsa ce, ko kuwa darajar wanda ya taɓa amsa shi. An zaɓi sunan Edward na Ingilishi don ya zama misali.

Shi wannan suna harɗaɗɗe ne. An tayar da shi daga kalmomi biyu na tsohon Ingilishi, watau ead, mai nufin arziki ko wadata, da weard, mai nufin matsari. Ma'anarsa ke nan mai tsaron arziki. Amma kalmar ead ta daɗe da ɓacewa daga harshen, saboda haka Baturen yau ba ya jin wannan ma'ana in ya kira sunan.

A shekarar 1066 Normawa suka ci ƙasar Ingila da yaƙi, sunayen da suka zo da su, irin su William da Robert da Henry, suka danne na 'yan ƙasa, har akasarinsu suka mutu. Edward ya tsira ne albarkacin sarki guda, wanda ya yi mulki daga 1042 zuwa 1066, ya kuma shahara da ibada, har Paparoma ya sanya shi cikin waliyyai a 1161. Sarki Henry na Uku, saboda ƙaunar wannan waliyyi, sai ya raɗa wa ɗansa sunan a 1239, kamar dai yadda Bahaushe kan sa wa ɗansa sunan wani bawan Allah don tabarruki. Ɗan nan shi ne Edward na Ɗaya, ko da yake sarakuna uku sun riga shi amsa sunan, domin ba a lissafa na gabanin Normawa. Na takwas a jerin shi ne ya yi murabus a 1936.

Daga gidan sarauta sunan ya bazu cikin talakawa, ya kuma ƙetare teku: Édouard a Faransa, Eduardo a Sifen. Wajen taƙaita shi akan ce Ed, ko Ted, ko Ned. Masana na ganin harafin n na Ned ya fito ne daga mine Ed, watau Ed nawa, inda baƙin ƙarshe na kalmar farko ya maƙale wa ta biyu.

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa ma'anar suna tana iya mutuwa, sunan ya ci gaba da rayuwa, muddin jama'a na girmama wani da ya amsa shi.