Sassaƙa da Injin Juyi a Birnin Kano: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Sassaƙa tana cikin tsofaffin sana'o'in Birnin Kano. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi, ba a rasa turmi da taɓarya da akushi da allo cikin hajar kasuwar birni ba. Masassaƙanmu da gatari da gizago su ke aiki. Amma akwai wata hanya ta sarrafa itace, watau a ɗaura shi bisa wani inji ya riƙa juyawa, mai aiki ya kanga masa ƙarfe mai kaifi yana fere shi. An shirya wannan bayani don Hakimai da malamansu su san yadda aikin ya ke, su iya ba matasan ƙasarsu shawara.

Asalin abin

Injin juyi ya girmi lantarki da nisa. A Masar akwai zanensa cikin kabarin wani malamin addininsu na dā mai suna Petosiris, kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa: mutum ɗaya yana jan igiya, ɗaya yana riƙe da ƙarfe. A kasuwannin Fas da Marrakesh masu sana'a su kan naɗa tsirkiyar baka a jikin itacen, su yi ta ja da hannu ɗaya, su danne ƙarfen da yatsun ƙafa. Da ƙananan itatuwa da aka fere ta juyi aka haɗa tagogin tsofaffin gidajen Alƙahira. A Ingila, cikin dazuzzukan High Wycombe, an daɗe ana fere ƙafafun kujeru da injin da a ke takawa da ƙafa.

A Kano, koyar da aikin katako a makaranta ya samo tushe daga makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa cikin 1909, inda aka haɗa karatu da sana'o'in hannu.

Yadda injin ya ke aiki

Injin yana da kai wanda ke juya itace, da gindi mai tsinin ƙarfe wanda ke tokare shi, da wani ƙarfe a kwance inda mai aiki ke ɗora kurfinsa. Aikin iri biyu ne.

Na farko, a kafa dogon itace tsakanin kai da gindi. Ta haka a ke yin ƙafar tebur da ta gado, da sanda, da muciya, da ƙotar kayan aiki. A kan fara da kurfi mai baki kamar cokali, a kashe kusurwoyi har itacen ya zama mulmulalle, sa'an nan a bi da mai karkataccen baki a goge, a fitar da ado.

Na biyu, a ɗaure guntun itace a kan injin kaɗai, a rarake cikinsa. Ta haka a ke yin akushi da faranti da murfi.

Babbar ƙa'ida ita ce, gwargwadon kaurin itace, gwargwadon rage gudun inji. Masu sana'ar suna da lissafi mai sauƙi: in aka ninka faɗin itace na inci da yawan juyinsa cikin minti ɗaya, jimlar ta tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Watau ƙafar kujera mai inci 3 tana ɗaukar juyi 2,000 zuwa 3,000, amma akushi mai inci 12 kada ya wuce 750. Itacen da ba a daidaita shi ba tukuna, sai a fara shi ƙasa da haka.

Zaɓen itace da busar da shi

Kowane itace da aikinsa. Kirya tana da nauyi da tauri, gara ba ta cinta da sauƙi, shi ya sa a ke yin turmi da ita. Danya ba ta da wuyar rarakewa, ta dace da akushi. Da aduwa a ke yin allo, da alilliba a ke yin ganga. Maɗaci da madobiya su ne na kayan ado, saboda kyan launinsu.

Ɗanyen itace ya fi daɗin fira, amma in ya bushe ya kan karkace ko ya tsage, balle da hunturu, lokacin da iska ke zuƙe ruwansa farat ɗaya. Dabarar ita ce a yi aikin sau biyu. A fara rarake akushi tun yana ɗanye, a bar kaurin bakinsa kamar kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, a shafe shi da kakin zuma, a ajiye a inuwa 'yan watanni. In ya bushe a mai da shi kan inji a ƙarasa. Kada a bar zuciyar itace cikin akushi, don daga nan tsaga ke farawa. Abin da za a ci abinci a ciki, kakin zuma ko man kaɗe ya ishe shi, ban da fenti.

Tsare lafiya

Injin juyi ba ya san mai shi ba. Lalle ne a kiyaye waɗannan:

1. Kada kowa ya tsaya gaban inji da babbar riga, ko rawani mai jela, ko carbi a wuya. Inji ya kan fizge su kafin ƙiftawar ido.
2. A sa abin kare ido da fuska, a rufe hanci saboda ƙurar itace tana cutar huhu.
3. Kafin a kunna, a juya itacen da hannu a tabbata ba ya bugun kome, ba shi da tsaga ko ƙusa.
4. A riƙa wasa kurfi. Dakusasshen ƙarfe shi ya fi kufcewa.

Amfanin haɗa kai

Inji ya fi ƙarfin aljihun yaro ɗaya, amma bai fi ƙarfin goma ba. Matasan unguwa suna iya kafa ƙungiya, su yi adashi su sayi inji ɗaya, su raba ranakun aiki, su sa magatakarda ya riƙe littafin kuɗi da na kayan aiki. Ya kamata su jawo tsofaffin masassaƙa ciki, gama su suka san halin kowane itace da lokacin saransa. Sabon shiga ya fara da muciya da ƙota, ya hau ƙafar kujera, kafin ya taɓa akushi. Guntayen katako da ke saura a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa sun isa koyo. Wanda ke son ganin fasalin kayan dā, ya ziyarci gidan tarihi na Gidan Makama.

Abin da a ke roƙon Hakimai

Abu biyu ke barazana ga sana'ar. Kwanon roba da na ƙarfe sun kori akushi daga gidaje da yawa. Na biyu, wanda ya fi tsanani, itatuwan kansu suna ƙarewa. Kirya tana tafiya a gawayi. Madobiya an yi ta kwasarta zuwa ƙasar Sin, har a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe, maɗaci kuma ya bi sahu a 2022. Inji yana gama aikin yini cikin sa'a guda, saboda haka in ba a kula ba zai ƙara cin daji.

Don haka a ke roƙon Hakimai su umurci Dagatai da masu unguwanni su rubuta sunayen masassaƙan da ke ƙasarsu da irin itacen da kowa ke aiki da shi. Su hori jama'a kada a sari ɗanyen itace sai da iznin ma'aikatan gandun daji. Su nemi kowace ƙungiya ta dasa maɗaci da kirya da damina, ta kuma yi musu shinge saboda awaki. Malaman ofis su karanta wa jama'a wannan bayani ranar kasuwa, su aika da tambayoyin da aka yi zuwa ofishin Hakimi.