Mene ne kwaikwayon kayan gyaran makamai?

Kwaikwayon kayan gyara shi ne injiniyoyi su ɗauki wani sashe na jirgin yaƙi ko tankar yaƙi da ya lalace, su kwance shi, su gano yadda aka ƙera shi, sannan su ƙera sabo irinsa sak. Ana bin wannan hanya idan kamfanin da ya yi kayan ya rufe, ko zanen asali ya ɓace, ko takunkumi ya hana saye.

Da awo ake farawa. Wata na'ura mai haske tana ɗaukar siffar ƙarfen ta kowace kusurwa, kwamfuta ta fitar da zanensa. Nan ba wuya. Babban aikin shi ne gano haɗin ƙarfen da irin zafin da aka gasa shi da shi, domin noti guda da ya yi kama a ido amma bai kai na asali ƙwari ba yana iya kada jirgi. Don haka gwajin inganci ba abin yi wa gaggawa ba ne.

Amurka na buƙatar dabarar saboda jirage irin B-52, wanda na ƙarshensa ya fito daga masana'anta a 1962 kuma har yau ana tashi da shi. Iran kuwa ta karɓi jiragen F-14 guda 79 kafin juyin juya halin 1979. Da takunkumi ya rufe mata ƙofa, sai ta koma ƙera wasu sassan da kanta. Bayan Amurka ta ajiye nata F-14 a 2006, ta farfasa da yawa daga cikinsu don kada sassan su kai Tehran.

Matuƙa da sojoji ne ransu ya dogara da ingancin wannan aiki.