Aikin Rani Yana Nan Gida

Ɗan'uwa manomi, da an ɗaure damman gero, sai samarin Tasawa da Mayahi su tafi ci-rani Najeriya ko Libiya, a bar tsofaffi da mata.

To, dubi Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasarmu. Da kaba ake saƙa tabarma da faifai, a tufka igiya. Ƴaƴan goriba ma suna da kasuwa.

Ku tara samarin garinku, kamar Samariya zamanin Seyni Kunce, wanda ya hau mulki a 1974. Wasu su yanko, wasu su saƙa, wasu su kai kasuwa. Ku shawarci maigari da ma'aikacin gandun daji.

Amma kada ku yanke tohon tsakiya. Kabar da aka bari ita ce goribar gobe.