Hoton Waya Shaida Ne, A San Yadda Za A Ɗauke Shi

Duk wanda ya shiga kasuwar Mile 12 ta Ikko da asuba zai ga dillalan tumatir da albasa sun ɗaga waya suna ɗaukar hoton kwanduna, don su aika wa masu kaya a Kano ko Zariya su ga halin da kayan suka iso. Haka abin yake wurin fataken shanu a Agege da kuma Sabon Badun. Idan gardama ta tashi a kan kuɗi, wannan hoto shi ne shaida, amma fa da yawa cikin 'yan'uwanmu ba su taɓa leƙa tsare-tsaren da ke cikin kyamarar ba.

Na farko dai, wayoyin zamani irin su Tecno da Infinix da Samsung suna da wata dabara ta gane abin da aka nuna musu. In sun ga abinci ne ko ganye, sai su ƙara masa launi da kansu. Watau tumatirin da ya kwana biyu a mota ya fara laushi sai ya fito ja wur kamar yanzu aka tsinko shi. Mai kaya a gida ya ga haka, ina zai yarda an sayar da shi a karye? Saboda haka mai ɗaukar hoton haja ya kashe wannan dabara, ya kashe mai gyaran fuska kuma, ya bar su sai ranar biki.

Sa'an nan akwai tsarin dare, wanda galibi alamarsa jinjirin wata. Shi ba hoto ɗaya yake ɗauka ba, da yawa yake ɗauka cikin 'yan daƙiƙoƙi ya haɗe su. In hannu ya motsa, aiki ya ɓaci. Sai a jingina wayar da bango ko jikin mota, a yi haƙuri ta gama.

Wajen bidiyo ne kuɗi ke zurarewa. A wayar iPhone, minti ɗaya na 1080p yakan ci kamar megabait 60, na 4K kuwa kamar 170. Ga shi WhatsApp yana matse bidiyo kafin ya aika, ashe ke nan wanda ya ɗauki gaisuwar Salla da 4K ya cika wayarsa a banza, tsohuwa a ƙauye ba za ta ga bambanci ba. Don saƙon gida 720p ya wadatar.

Wasu kuma kan ga baƙaƙen layuka suna yawo a bidiyon da suka ɗauka cikin shago da dare, har su kai wayar wurin mai gyara. Lafiyarta lau. Lantarkin Nijeriya 50Hz ne, in an saita kyamara a kan 60Hz irin na Amurka sai su saɓa da ƙwan fitila. Wayoyi da yawa suna da wurin gyara wannan.

In hoton na shaida ne, to, kada a jawo shi da yatsa daga nesa, gara mutum ya taka ya matsa kusa, rana tana bayansa. A goge gilashin kyamara da bakin riga tukuna, sa'an nan a aika shi a matsayin fayil, don ta wannan hanya WhatsApp ba ya rage masa komai.