Mai Wankin Tukwanen Da Ya Mayar Da Kicin Wurin Addu'a

Ɗalibai da yawa kan ce ba su da lokacin addu'a: ga darasi, ga shara, ga karatun jarrabawa. To, ku ji labarin Nicolas Herman.

An haife shi wajen 1614 a yankin Lorraine da ke Faransa ta yau. Ya yi soja, ya ji rauni a yaƙi. Daga baya ya shiga gidan masu ibada na ɗarikar Katolika a Paris, inda ya ɗauki sunan Lawrence. Da yake bai yi karatu mai zurfi ba, sai aka tura shi kicin, aikin da ransa ba ya so.

A nan ya saba wa kansa yin gajeruwar magana da Allah a zuci, yana girki ko wankin tukwane. In hankalinsa ya tafi wani wuri, sai ya dawo da shi ba tare da ya tsangwami kansa ba. Bayan rasuwarsa a 1691 aka tattara wasiƙunsa da hirarrakinsa a ƙaramin littafi, wanda Kiristoci ke karantawa har yau.

Ɗalibi Kirista ma zai iya gwadawa. Kafin ka taɓa waya da safe, yi godiya. Kana layin famfo, yi wa abokinka marar lafiya addu'a. Sa'ad da aka miƙo maka takardar satar amsa, tuna wanda kake tare da shi.