Gudun miƙa sanda da Robson da Silva

Yara, kun taɓa yin gudun miƙa sanda a filin lakwal? Mutum huɗu ne ke yin sa. Kowa ya yi mita 100, sai ya miƙa wa ɗan'uwansa ɗan guntun sanda. Da Faransanci ana kiran sandan nan témoin, wato shaida. Shi ne ke shaida cewa huɗun nan duk sun yi aikinsu. Ƙungiyar da ta kai ƙarshe ba sanda a hannu, ba ta ci kome ba, ko da ta riga kowa.

Yau za mu ga wani gwani na wannan gudu. Sunansa Robson Caetano da Silva. An haife shi a birnin Riyo na ƙasar Birazil a shekarar 1964. Kada sunan ya ba ku mamaki. Wanda ya je Porto-Novo ko Wida daga Parakou ko Djougou ya san akwai dangin da Silva a ƙasarmu. Kakanninsu sun dawo daga Birazil ne, inda aka kai mutanenmu bauta, har da Hausawa.

Robson ya je wasannin Olimpik sau huɗu, daga 1984 zuwa 1996. A 1988 ya yi mita 100 cikin sakan 10 daidai. Shekara 35 aka yi kafin wani ɗan Amurka ta Kudu ya fi shi sauri, a 2023. A Sewul kuma, cikin 1988 ɗin, ya zo na uku a mita 200, bayan Joe DeLoach da Carl Lewis na Amurka.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne na Atlanta, a 1996. Lokacin Robson ya kai shekara 31, ƙafarsa ba kamar da ba. Shi kaɗai, da wuya ya samu lamba. Sai ya haɗu da abokansa uku a gudun miƙa sanda. Kanada ta zo ta farko, Amurka ta biyu, Birazil ta uku. Uku daga cikin huɗun nan duk sunansu da Silva!

Ina wuyar take? Tana wurin miƙawa. Mai karɓa ba ya tsayawa jira, ba ya waiwaye. Yana fara gudu, ya miƙa hannu baya, ya saurari kiran ɗan'uwansa. Wurin da aka yarda a miƙa mita 30 ne kawai. In ya tashi da wuri, sandan ba zai iske shi ba. In ya makara, su yi karo.

Gobe da hutun safe, ku yanko karan dawa mai tsawon santimita 30. Ku rabu huɗu-huɗu, maza da mata, ku fara koyon miƙawa da tafiya kafin ku gwada da gudu.