Wa Ya Yi Ƙarya a Kan Gonar Fadama?

Ga kacici-kacici daga Madarunfa, ƙasar tafki da kaburburan waliyyai 99. Mutum biyu suna jayayya kan gona ɗaya a fadamar Gulbin Maraɗi. Na farko dattijo ne ɗan kasuwa, mu kira shi Alhaji. Ya fi shekara goma yana nomanta, yana da takarda mai hatimi, ya ce saye ya yi. Na biyu saurayi ne da ya dawo daga ci-rani da kuɗi a aljihu, ya ce gonar marigayi ubansa ce, ya zo fansa. Kowannensu a shirye yake ya dafa Alƙur'ani. Wane ne maƙaryacin?

Ba zan kama sunan ƙauye ba, don irin wannan shari'a ba ta gari ɗaya ba ce. Daga Jiratawa har Ɗan Isa masu gari sun san ta. Mai karatu, zo mu bi sawu.

Zato na farko shi ne wanda kowa zai yi: takardar jabu ce. Ba laifi, mu gwada ta. Tun ranar 2 ga Maris 1993 Nijar take da dokar filayen karkara, wadda ta ba mallakar gargajiya kariya daidai da ta rubuce, ta kuma kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo. Akwai na gunduma a hannun perefe, da na kwamin a hannun shugaban kwamin, da na ƙauye, wato Kofob, a hannun mai gari. A zauren mai gari aka buɗe rajistar Kofob. Ga lamba, ga kwanan wata, ga hatimi, duk sun yi daidai da abin da ke hannun Alhaji. Takarda dai sahihiya ce. To, wa ya sa mata hannu?

Nan ne masu zaman majalisa suka fara ƙyafta ido: ai mai gari ne aka ba goro. Wannan zato yana da daɗin faɗa, amma gurgu ne. Kofob ba mutum ɗaya ba ne. Akwai sakatare, akwai wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa, kuma sai an kira maƙwabtan gona sun nuna iyaka. Ga kuma dangwalen yatsa a ƙasan takardar, baƙi ƙirin. Na marigayin ne da kansa, shaidu sun tabbatar.

Saura gado. Sau da yawa mutum yakan sayar da gandun da ba a raba ba, 'yan'uwa su taso daga baya. Aka kira baffannin yaron. Suka ce a'a, an raba tuni, wannan yanki rabon ɗan'uwansu ne. Ƙofa ta uku ta rufe.

Zaure ya yi tsit. Ga takarda. Ga yatsa. Ga shaidu. Amma yaro bai ko girgiza ba. Sai ya ce: "Ranka ya daɗe, a karanta mana ita."

Ashe ba wanda ya karanta. Kowa hatimi ya duba. Alhaji ya yi karatun allo, yana karanta ajami, amma takardar da Faransanci take. Tun ranar da ya karɓe ta ya naɗe a leda, ya sa a ƙasan akwati tare da katin zaɓe. Aka aika a kira malamin makarantar boko. Ya gyara tabarau. Ya duba layin sama. Ya ɗago kai.

Takardar jingina ce. An rubuta ta a 2010, shekarar ƙarancin abinci.

Kofo ba takarda iri ɗaya take bayarwa ba. Ta saye daban, ta kyauta daban, haka ta aro, ta haya, ta jingina da ta shaidar mallakar gargajiya. A jingina, mai kuɗi zai noma gona ya ci amfaninta, amma duk ranar da aka mayar masa da kuɗinsa sai ya tashi. Malamai sun daɗe suna ƙorafi a kan cin amfanin nan, suna cewa yana da ƙamshin riba. Wannan zancen wata rana ne.

To, an kama Alhaji ke nan? Kada ka yi sauri.

Marigayin bai tsaya a kuɗin farko ba. Ya dawo neman ƙari lokacin auren 'yarsa. Ya sake dawowa da ciwo ya kwantar da shi. A zuwa na uku, bayan sallar isha'i, ya ce: "Alhaji, cika mini kuɗina, gona ta zama taka." Aka cika, aka shafa fatiha gaban mutum biyu. Ɗaya ya rasu. Ɗayan yana raye, kuma bai musa ba. Yaro kuwa yana ƙasar waje a lokacin, abin da ya sani jingina ne, ita ce kuma rajista ta sani. Ciniki ya canza a baki, takarda tana nan yadda take. Babu maƙaryaci a zauren.

Abin da ya kamata a yi tun farko ba shi da wuya. Alhaji da mai gona su koma Kofob tun mai gonar yana da rai, a kira magada da maƙwabta, a soke ta jingina, a rubuta ta saye, a aika kwafi kwamin don a gyara suna a kundi. Tafiyar hantsi ɗaya ce. Yanzu kuwa sai sulhu gaban mai gari, in ya gagara a je fadar sarki, in ya gagara a je kotu. A yankin da jama'a ta yi yawa, gona ta yi kaɗan, irin kudancin Maraɗi, ba mai sakin fadama da sauƙi. A ganina Alhaji yana da gaskiya, yaro yana da hujja, kuma alƙali da hujja yake aiki.

Kai da ke riƙe da gonar wani, ciro takardarka daga akwati, ka kai wa mai karatu ya duba maka layin sama tun wanda ya dangwala yatsa yana raye.